Wasiƙa Daga Gana Zuwa Ga Taubashina Na Agyaragu

Taubashi,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da doyarka, wadda kowa ya san ita ce uwargidan. Ka gaishe min da Goggo, ka ce mata ɗanta na kirki yana gaishe ta daga Koforidua, ba wanda ta haifa ba.

Saƙonka ya iso. Wai kasuwa ta yi sanyi, kuɗin mota ya cinye riba, kana so ka biyo ni Gana. Wai ba ka son Akra da Kumasi saboda cunkoso, sai in zaɓa maka gari madaidaici a kudu, mai al'ada, mai harka, mai daɗin zama. Ikon Allah! Kai da in ka je Lafia ka wuce la'asar sai Goggo ta tura yaro bakin titi ya duba ko ka ɓata, yau kai ne mai auna garuruwa. To, tun da motar kayan da nake ja ta zaga da ni, bari in ba ka labari.

In harka kake nema, Takoradi ce. Gari ne na bakin teku, manne da ɗan'uwansa Sekondi, har ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Tun 1928 Turawa suka buɗe tashar jiragen ruwa a nan, kuma har gobe ta nan koko da katako da ma'adinan Nsuta da Awaso suke fita. Layin dogo daga Sekondi ya isa Kumasi tun 1903, amma kada ka yi murna, yawancinsa yanzu barci yake yi, ku da kuke Agyaragun Tasha ba sai an yi muku bayani ba. A 2007 aka gano man fetur a cikin teku, a ƙarshen 2010 aka fara haƙowa, daga nan masu gidaje suka haukace. Man yana can tsakiyar ruwa, talaka bai taɓa ganin ko digonsa ba, amma kuɗin hayar ɗakinsa ya ji ƙamshinsa. Babbar kasuwarsu mai siffar zobe, wadda duk titunan gari suke taruwa a kanta, an rushe ta don a gina sabuwa, aka kwashe 'yan kasuwa zuwa wurin wucin gadi, wucin gadin kuwa ya yi gemu. Lokacin Kirsimeti samari da yara suna sanya kaya masu launi iri-iri, su rufe fuska, su cika titi da ƙaho da ganga. Ankos suke kiran abin. Na tuna ka ranar, don kai ba sai ka sayi abin rufe fuska ba.

Cape Coast kuwa tsohuwar sarauniya ce da aka yi wa kishiya. Ita ce hedikwatar Turawa har 1877, sannan aka kwashe mulki aka kai Akra, daga baya Takoradi ta ƙwace jiragen ruwa. Aka bar ta da tarihi da makarantu da kifi. Amma fa tarihin ba na wasa ba ne. Akwai tsohuwar ganuwar Turawa a bakin teku, fara fat, wadda a ƙarƙashinta ake tsare bayi kafin a loda su zuwa Amurka. Na shiga ɗakunan nan na ƙasa, babu iska, babu haske sai ɗan rami a sama, na fito ban iya yi wa kowa magana ba. Obama ma ya je a 2009. Wannan wuri ko kai ba zan tsokane ka a cikinsa ba.

Sauran garin ɗalibai ne. Makarantar Mfantsipim, inda Kofi Annan ya yi karatu, tun 1876 take, ga jami'a, ga sakandare a kan kowane tudu. Mai tallan gyaɗa ma in ka yi masa Turancin tasha sai ya gyara maka. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, al'ada ta hana. Asabar ta farko ta watan Satumba suna bikin Fetu Afahye, a fito da sarakuna a kafaɗa ƙarƙashin manyan lemomi, amma kafin bikin akan hana kiɗa da hayaniya na wasu makonni. Ka ga kai a satin farko za a kama ka. Kusa da garin akwai dajin Kakum, inda suka ɗaure gadar igiya a saman bishiyoyi, mutum ya biya kuɗinsa ya hau yana salati. Gari ne mai kyau ƙwarai ga mai fansho. Mai neman kuɗi kuwa, 'ya'yan garin ma Akra suke gudu.

Ho da Sunyani ba zan ɓata maka takarda ba. Tsaf suke, shiru suke, da an yi isha'i sai kukan gyare.

Ni dai Koforidua na zaɓa. Ba ta da teku, ba ta da fetur, ba ta da ganuwa. Mutanen Juaben ne suka kafa ta a 1875 bayan sun ɓata da Kumasi, suka zo gindin dutsen Obuotabiri suka zauna. Iskar ta fi ta bakin teku sauƙi, gishiri ba ya cin ƙarfen mota, Akra kuma ba nisa, ka je ka dawo a yini. Ranar Alhamis ake cin kasuwar duwatsun ado, mata daga ko'ina suna zuwa saye. 'Yan Gana suna yi wa 'yan matan garin kirari da furanni, amma wannan kada ka karanta wa matarka. Abin da ya riƙe ni shi ne zango. Da asuba ka ji kiran salla, ka fito ka sami koko da ƙosai, da dare tsire, kowa yana Hausa, jikokin fataken goro da tsofaffin sojoji da Mosawa da Zabarmawa da 'yan arewacin Gana duk a cakuɗe. Garin da za ka yi rashin lafiya a leƙo ka, ka rasu a sami masu yi maka sutura, shi nake kira mai daɗin zama. Sauran duk na masu yawon buɗe ido ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Duk garin da ka zaɓa, mai gida zai nemi hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, alhali dokarsu ta 1963 wata shida ta ce. Ka kawo masa maganar doka, ya nuna maka ƙofa cikin ladabi, don 'yan Gana ko korarka za su yi sai sun ce don Allah. Na biyu, dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa saye da sayarwa a cikin kasuwa, ta kuma ce baƙon da ke son fatauci sai ya nuna jarin dala miliyan ɗaya. A kan haka aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. Ka lissafa ƙwarya nawa ta doya za ka sayar kafin ka haɗa wannan, ka aiko min da amsa, ni kaina ya ɗau zafi. Ga shi doya ba baƙuwa ba ce a nan. Daga Techiman da Atebubu ake lodo ta, irin da suke kira puna, har Ingila ake kai ta. Sai dai ba su san darajarta ba: su dafa ta ko su soya, sannan su je su daka rogo da filanten su haɗiye da romo. Sakwarar gaske da miyar agushi sai na yi mafarki.

Saboda haka shawarata ka zo ziyara tukuna, bayan an gama haƙar doya. Ba a neman biza, ka riƙe fasfo da katin rigakafi, ka bi ta Seme da Kwatano da Lome ka shigo ta Aflao. Agogonmu yana bayan naku da awa ɗaya, karon farko a rayuwarka za ka isa wani wuri da wuri. Kada ka zubo kayanka a jakar nan mai layi-layi, sun san sunan da muka sa mata tun 1983, kuma ba su manta ba.

Ka taho min da agushi mudu biyu da riɗi, da kuɗin sharan da ka maƙale na bara da na bana. A sidi nake so, ba a naira ba.

Naka,
Taubashinka, kuma ubangidanka.