Kyamara da Ɗan'uwanta Kwamared

Duk wanda ya dubi 'yar na'urar nan da Turawa ke kira kyamara, da wuya ya gaskata cewa asalin sunanta a harshen Latin ɗaki ne, ɗaki sosai mai rufin baka, wanda mutum zai shiga ya miƙe ƙafa. Dalili kuwa, tun kafin a san hoto, masana sukan toshe ɗaki ya yi duhu ƙirin, su huda 'yar kafa a bango, sai surar abin da ke waje ta faɗo a bangon da ke fuskantarta, amma kai ƙasa ƙafa sama. Shehin malami Ibnul Haisam, Allah ya jiƙansa, ya yi sharhin wannan hikima cikin Kitabul Manazir, shekara wajen 800 kafin Bafaranshe Daguerre ya bayyana tasa fasahar ta ɗaukar hoto a 1839. Ɗaki ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma akwati, suna kuwa ya ƙi sauka.

Abin al'ajabi, a harshen alƙalan Turawa, in an ce za a yi shari'a cikin kyamara, nufinsu a kori 'yan kallo da masu ɗaukar hoto, a rufe ƙofa. Daga wannan tushe kuma, ta hanyar Sifaniyanci, kalmar kwamared ta fito, wato abokin kwana a ɗaki guda. Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka ga Kwamared yana ture jama'a don ya tsaya gaban kyamara ranar zanga-zanga, kada ka tuhume shi da riya, zumunci yake sadarwa.