Yadda Aka Haɗe 'Ya'yan Mutane a Karaye

Tun shekarar 1973 da hukuma ta kafa shirin SIWES, ya zama wajibi a kan ɗalibin kimiyya da fasaha, kafin a yarda ilminsa ya nuna, ya bar aji na wani lokaci ya je ya ɗanɗani aiki a hannun waɗanda suka riga shi. Da abokan karatuna suka watsu, waɗansu bankuna, waɗansu masana'antun Bompai da Sharaɗa, ni sai rabo ya kai ni wata ƙungiya mai zaman kanta da ke da ofis a birnin Kano, wadda ke tallafa wa darussan yamma na 'yan firamare a ƙasar Karaye. Hajiyar da ke shugabancin ofishin ta miƙo mini kwamfuta, ta ce, "Ɗana, masu ba mu tallafi mutanen kirki ne, amma ba su yin imani da gaibu. Yaron da ba ya cikin na'urar nan, a wurinsu ba a haife shi ba."

Shi kansa darasin sai da aka yi ijtihadi kafin a sama masa lokaci, domin yaron Karaye in ya taso daga boko da azahar, Islamiyya na jiransa da la'asar, allo na jiransa bayan magariba, ga talla, ga kiwo, in damina ce kuma ga gona. Saboda haka aka lallaɓa aka ajiye shi Alhamis da Juma'a, ranakun hutun almajirai tun kaka da kakanni. Aikina kuwa a zahiri ba shi da wuya, gurabe uku ne kurum zan cike: sunan yaro, sunan mahaifinsa, da ranar haihuwarsa.

A wani gidan masunta kusa da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, na yi sallama aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, uwar yaron ta tsaya daga bayan ƙofa. Na ce, "Inna, yaya sunan yaron?" Ta yi shiru. Na sake tambaya da ɗan ƙarfi, ina tsammanin ba ta ji ba, sai ta ce, "Malam, ai ga shi nan a gabanka." Ashe ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukinta ya ci, wato alkunya biyu ta haɗu a kan yaro guda, har da za a tara alƙalan Kano duka ba su iya sa ta furta shi. Kishiyarta na can ciki tana ƙyaƙyata dariya, har wata 'yar ƙanƙanuwa ta ji tausayina ta leƙo ta ce, "Abba ne!" Na rubuta Abba na yi hamdala. Don cikar aiki kuma na karɓo rajistar firamare da ta Islamiyya na zuba su duka.

Amma mas'alar da ta fi cin raina ita ce ranar haihuwa, domin a nan ne na zama mai tantance ruwayoyi ba tare da na zauna gaban malaman hadisi ba. Uwa ta ce cikin azumi ta haihu, ana ruwa. Alhali watan Ramadan na 2015 da na 2016 duk a watan Yuni suka kama, kowannensu da damina. Kaka ta ce a'a, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir ce, har kwando ya gagari talaka, wato 2016. Uba kuma, wanda a shari'a shi ne ya yanka ragon suna, ya rantse cewa ana murnar zaɓen Buhari ne, wato 2015. Ruwaya ɗaya ce na samu mai isnadi sahihi ba jayayya, ita ce ta waɗanda aka haifa a 2019, shekarar da Karaye ta zama masarauta mai sarkin yanka, don wannan ba wanda ya manta. Ita kuwa kwamfuta, da yake ba ta san azumi ba balle tsutsa, duk sa'ad da na bar gurbin nan fayau sai ta yi ja, ta ƙi gaba. Na kai kuka wurin wani tsohon hedimasta, ya saurare ni cikin natsuwa, sa'an nan ya ba da fatawar da ya ce malaman makaranta sun yi ijma'i a kanta tun zamanin En'e: duk wanda ba a san ranarsa ba, a sa masa 1 ga Janairu. Da haka na wayi gari da jama'a guda waɗanda iyayensu mata, in an gaskata takardata, suka yi naƙuda rana ɗaya, abin da da ya faru da ungozoman Karaye sun gudu sun bar gari.

Da na aika da jerin, sai umarni ya zo daga Kano cewa sunaye sun maimaitu, a tsabtace su, duk biyun da suka dace a suna da uba da ranar haihuwa a mayar da su ɗaya. Maɓalli guda na latsa a Excel, kafin ƙiftawar ido jerin ya rame kamar saniyar da ta sha rani.

Ranar rabon jakunkuna da littattafai aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, iyaye suka kewaye, na miƙe da takarda na kira, "Sani Abdullahi!" Yara bakwai suka taso, kowannensu Sani ne na haƙiƙa, ɗan Abdullahi na halal, haifaffen 1 ga Janairu bisa fatawa, jaka kuwa ɗaya. Ina cikin lissafin yadda za a raba ta bisa ƙa'idar gado, sai na lura da wani yaro da ya karɓa da na kira Abba, ya dawo ya karɓa da na kira Auwalu, ya sake dawowa da na kira Muhammadu Lawal, bai kuwa yi ƙarya ko sau ɗaya ba, domin na farko sunansa ne na gida, na biyu na boko, na uku na Islamiyya. Wani Abdullahi cikin iyayen Sani ya taso yana karkaɗa yatsa, ya nuna wani Abdullahin, ya ce, "Malam, ni da shi sunanmu ɗaya, amma ba mu yi tarayya a kan ɗa ba!"

Mai unguwa, wanda tun ɗazu yake murmushi yana jan carbi, ya ce, "Yaro, ajiye takardar nan ka huta." Ya shiga kira da ka, Sanin gidan maƙera, Sanin bakin kasuwa, jikan liman, ƙanen 'yan biyu, har ya ƙare ba wanda ya maimaita, ba wanda ya tsallake. Jakunkuna biyu na mai suna uku kuwa sai da aka yi sulhu da alewa kafin ya sake su.

Bayan 'yan kwanaki takarda ta zo daga ofis ana yaba mini bisa tsabtar aiki da tsimin kuɗi, an kuma umarce ni in wuce Rogo in yi musu irinsa. Ina sauka a tasha, tun ban saɓa jakata ba, wani dattijo ya dube ni ya dubi kwamfutar, ya ce, "Samari, ko kai ne malamin nan mai haɗe 'ya'yan mutane?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce to shi goma sha ɗaya gare shi, ga tsadar masara, ko zan taimaka in mayar masa da su uku.