Sifili a Hagu

Shagon kawuna yana cikin Kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, kayan masarufi yake sayarwa. Ni ke riƙe masa lissafi da wata 'yar manhaja da na rubuta da yaren C. In ciniki ya lafa sai in koma aikin sa kai, ina gyare-gyare a wata kompaila, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa abin da inji ke ganewa.

Rannan na tura gyara aka dawo mini da abina. Layi ɗaya ya tsone wa mai dubawa ido: na rubuta 0 == x, alhali a ƙa'idarsu x == 0 ake rubutawa, lamba a dama.

Ni kuwa da hujjata. A C, alamar = guda ɗaya zubawa ce, guda biyu tambaya. In yatsa ya zame ka rubuta x = 0, ba ka tambayi komai ba, share x ka yi. Amma in sifili ne a gaba, zamewar za ta zama 0 = x, kompaila ta ƙi karɓa nan take. Salon Yoda ake ce masa, sunan tsohon nan na fim ɗin Star Wars mai magana a baibai, kuma masu WordPress doka suka mai da shi. Su ɗaya ɓangaren cewa suke yi kompaila irin su GCC da Clang suna gargaɗi a kan zamewar, don me za a wahalar da mai karatu? Kompailar LLVM kanta, in ta tarar da lamba a hagun kwatanci, dama take mayar da ita don ta rage wa kanta siffofin dubawa.

Ashe mitar da nake yi ta fito fili.

"Kai, wa ya taɓa ka?" in ji Kawu.

"Wani Bature ne, Kawu. Wai don na sa sifili a hagu."

Kawu ya ajiye kalkuleta. "To ai gaskiyarsa! Me sifili zai tsinana a hagu? A dama yake da daraja. Cutarsa ka so yi?"

Kan ka ce kwabo maƙwabta sun cika ƙofar shago, har wani na cewa a kira shugaban layi. Na ba su labarin 2003, lokacin da wani ya so ya saƙala layi a cikin Linux mai ɗauke da uid = 0, alama ɗaya tal, wanda da ya wuce da ya miƙa masa ragamar kowace kwamfuta da ta ɗauka, Allah ya sa aka gano. Suka ce to Baturen ne ɓarawon kenan? Na ce a'a. Suka ce to kai ne?

Gani ya kori ji. Na buɗe manhajar shago, na cire alama ɗaya daga bashi == 0. GCC ta yi gargaɗinta. Kawu ya ce ba ya jin Turanci, in danna kawai, ya kuma zaɓi sunan wani Alhaji mai sarin sabulu da ke tsaye a wurin, wanda muke bi naira 85,000 tun kafin azumi. Na danna. Allo ya nuna: "Ana binsa: naira 0." Manhajar nan kuwa da kanta take adana duk abin da ya canza, ni na tsara ta haka, har ina alfahari.

"Alhamdu lillahi! Jama'a ku shaida!" in ji Alhaji, yana shafa fuska.

Kawu bai ce uffan ba. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya zaro wani tsohon littafi mai baƙin bango da ban taɓa gani ba, ya buɗe shafin Alhaji. Alhaji ya ce shi fa mutumin zamani ne, da kwamfuta ya yarda. Aka yi ta ja har la'asar, sannan shugaban layi ya yanke: Alhaji ya biya rabi yanzu, sauran a riƙe daga albashina har ranar da Alhaji ya ga damar biya.