Mazo Ba Ya Jiran "Ku Yi Murmushi"

Duk wanda ya shiga dajin Yankari da rani, lokacin da namun daji ke taruwa a bakin kogin Gaji, ya san yadda abin ke faruwa. Mota na tafe, sai direba ya yi ƙasa da murya: "Ga mazo can!" Nan take kowa ya hau laluben aljihu. Kafin Alhaji ya tuna lambobin buɗe wayarsa, mazo ya kai Alkaleri.

Abin haushin shi ne, namun dajin ba su cika damuwa da mota ba. Gwanki zai tsaya ya ƙare mata kallo yana tuƙa. Amma da zarar an buɗe ƙofa, ɗan Adam ya sauko da ƙafa biyu, sai ƙura. Tun 1956 aka keɓe dajin nan, amma har yau gwanki bai yarda cewa jikan maharbi ya tuba ba.

Mai dabara kuma sai ya yi ta jawo hoto da yatsu biyu, alhali wayar yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta kumbura shi. A gida a taru a kan wani jan dishi-dishi, ana gardama ko gwambaza ce ko suri.

Mai son a ɗauke shi ɗaya ne, gwaggon birin sansanin Wikki da ke cikin dajin. Shi zai zauna har ka gyara, ka ɗauka son ranka. Kuɗin aikinsa kuwa burodin da ke hannunka na hagu, kuma ba ya ciniki.