Attajiri da Kaka, Ɗan Bashi da Marka

A watan Maris na 2025 Tarayyar Turai ta bai wa mutanenta wata shawara mai nauyi: kowane gida ya ajiye ruwa da abinci da magani da tocila da za su ishe shi awa 72, saboda ko-ta-kwana. Kwana uku ke nan cif. Manyan masu digiri suka taru, suka sha shayi, suka cika takardu, sannan suka gano cewa ya kamata mutum ya kasance da abincin jibi a ɗakinsa. Duk majalisar da wannan labari ya faɗa a ƙasar Batsari da Safana, daga Darini har Runka, dariya za a yi, a ce ashe Bature da duk iliminsa bai san rumbu ba. To, a dakata da dariyar tukuna. A bari sai watan Yuli ya kama, a tashi majalisa, kowa ya je ya leƙa nasa rumbun, wanda ya tarar da hatsi ya dawo a ci gaba da ƙyaƙyatawa. Ina jin tabarmar za ta ishi waɗanda suka rage har su miƙe ƙafa.

Waɗanda suka cancanci yi wa Turawa dariya su ne kakanninmu. Su ne suke ɗora rumbu bisa duwatsu don kada laima da gara su kai gare shi. Su ne suke zuba gero dami-dami ba tare da an sussuke ba, don sun san ƙwaya ta fi daɗewa a jikin zangarniyarta, dabarar da Annabi Yusuf, Alaihis Salam, ya bai wa mutanen Masar. A gidan dattijon ƙwarai akwai rumbun da ake ci, akwai kuma wanda ko wuta ake yi ba a buɗe shi sai an yi shuka, don ma'aikatan gandu su sami furar noma. Ba a makaranta suka koyo ba. Yunwar Ƙaƙalaba ta 1914 ce ta karantar da iyayensu, farin 1973 ya yi musu tilawa.

Mu kuwa jikokinsu mun sake wa shekara tsari. Maigidan zamani yana da watanni uku na sarauta, da watanni tara na bayani.

Sarautar tana farawa ne ranar da aka kawo amfani gida. Daga ranar tafiyarsa take canjawa. Mai shayin da ya sha yi masa tunin bashi tun Sallah yanzu shi ne yake share masa benci, ana jin murya daga nesa: “A soya ƙwai ukku, a sa ma yaran ga madara!” Motocin 'yan sari sun jeru a bakin kasuwar Batsari, ana lodin rogo da gero da wake da gyaɗa. Kowa ya kawo nasa rana ɗaya, kowa yana gaggawa, saboda haka farashi ya kwanta warwas. Maigida ya san da haka sarai, domin bara ma haka aka yi, har ya yi rantsuwa a gaban mutane cewa ba zai sake ba. Amma ga babur ɗin maƙwabci sabo fil da ledarsa, ga wayar ɗan ƙanensa mai ido uku a baya, ga kuma wani tunani da yake zuwar wa namiji da kaka kawai, wai gidan ya yi masa faɗi.

A nan ne babban ƙwaron rumbu yake shiga. Malaman gona sun san ɓera, sun san gara, sun san ƙwaron wake, har sun yi musu magani. Wanda ya gagare su shi ne “kada a ce”. Kada a ce ɗiyar wane ta tare babu kujeru. Kada a ce lefen ya gaza na gidan su wance. Kada a ce ragon suna bai kai ba. Kada a ce an yi biki babu anko, ko an yi anko kala ɗaya tak. Ɓera in ya ci ya ƙoshi yakan bar saura, amma “kada a ce” yana iya kwashe buhu goma a yini guda, ya bar maka hotuna a waya. Abin mamaki kuma, mutanen da ake tsoron kada su ce, su ma suna can suna sayar da nasu hatsin don kada kai ka ce. Gari guda yana yi wa juna gadi, kowa yana talauta kansa don ya burge wanda ya riga shi talaucewa.

Da bazara sai a ɗauki jaka a tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas. Daga can ake turo saƙon murya mai daɗi: “Ku yi haƙuri, abubuwa na gab da daidaita.” Ruwa ya sauka, a dawo da rediyo da tabarau. Marka ta kankama, sai ka ji wannan hira da sassafe a tsakar gida:

“Malam, gero fa ya ƙare.”

“Mi kika ce? Wane geron? Duk wanda na zuba?”

“Wanda ka zuba ai kai ka kwashe shi, Malam, ran da za a kai kuɗin gaisuwa.”

“Ke dai ba ki iya tattali ba. Allah na nan.”

Allah na nan, babu shakka. Mai shagon hatsi ma yana nan. Maigida zai je ya tsuguna gabansa, ya sayi geron da ya noma da hannunsa, wani lokaci a cikin buhun da har yanzu yake ɗauke da alamar da ya yi masa da gawayi, a kan kuɗin da ya kusa ninka wanda ya karɓa. In babu kuɗin sai a ci bashin da za a biya da hatsi idan kaka ta yi, tiya ɗaya ta haifi 'yar'uwarta. Sannan ya bar gonarsa ciyawa tana cinye ta, ya tafi ƙwadago gonar wani don a sami na tuwon dare. Amfanin bana ya ragu tun bai fito ba, rabinsa kuma an riga an ci. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, nan kusa da Katsina, ta yi nazarin zaman manoma, ta fitar da littafi a 1972, kuma wannan zagaye na sayarwa da araha a sayo da tsada yana cikin abin da ta gani yana danne talaka. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Abin da muka ƙara a kai shi ne yanzu ana iya cin bashin ta waya.

Kada wani ya ce ba a yi mana gargaɗi ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka hana sayar da fetur a jarka, aka rufe kasuwannin dabbobi a wurare da dama. Wanda duk dabararsa ita ce “bari in kira yaron nan na Abuja ya turo” ya wayi gari da waya a hannu ba ta da amfani sai haska hanyar masallaci. A ƙarshen 2022 aka canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, a farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, mai miliyan a banki ya tsaya layin POS yana lallashin yaron da a da ko gaisuwarsa ba ya amsawa da kyau. Ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Agusta aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yamai, hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta yi tsit. Jarrabawa huɗu cikin shekara biyu, tambaya ɗaya ce a kowace takarda: me ka ajiye a gida? Mun faɗi duka huɗun, muka fito muna zagin mai gyaran takarda.

Wadda ta ci jarrabawar ba ta ma san an yi ba. Uwargida ce, wadda maigida yake yi wa kirari da mai tarkace. Ita ce take yanka kuɓewa da tumatir ta shanya lokacin da suke zube a kasuwa babu mai tayawa. Ita take da garin kuka a tukunya, da daddawa a ƙunshe, da busasshen zogale da yakuwa da tafasa a buhu, da barkono a rataye. Tana da akuya biyu a turke, da kaji da suke kwana ƙarƙashin rumbun da babu kome a ciki, da zubin adashi duk ranar kasuwa, da wani ƙulli a bakin zane wanda ko hukumar EFCC ba za ta gano shi ba. Maigida yana majalisa yana warware matsalar dala da yaƙin Yukiren, yana faɗa wa Babban Banki abin da ya kamata ya yi, ita tana gida tana warware matsalar miya. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi sai ka ji murya ta yi laushi: “Uwar yara, wannan ɗan akuyar taki, ba rance za ki ba ni ba zuwa kaka?” Kakar da ake nufi har yau ba ta zo ba.

Akwai kuma wanda ya ji wa'azin tanadi ya wuce gona da iri. Shi ne Alhajin da ya ga hatsi ya yi tashin gwauron zabo a 2024, ya sayar da fili ya cika sito, ya sa kwado uku, yana addu'ar damina ta yi gardama. Maƙwabcinsa ya zo neman tiya biyu, ya rantse masa cewa shi ma saye yake yi. Sai gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, amfani ya yi kyau, farashi ya gangaro a 2025. Yanzu Alhaji ne yake bin mutane yana tambaya ko sun san mai son masara, ƙwari kuma suna ciki suna yi masa godiya. Tanadi daban, ɓoye daban: na farko don iyalinka su ci ne, na biyu don iyalin wani su rasa.

Ƙanin Alhajin nan shi ne gwanin magani, wanda yake tuttula wa wake fiya-fiya har sai ƙuda ya faɗo in ya gifta. Ƙwaro bai ci ba, gaskiya ne, amma mutum ma bai kamata ya ci ba. Irin wannan aiki ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Alhali tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda in an ɗaure shi tam iska take ƙare wa ƙwaro ya mutu ba tare da ɗigon guba ba. In ka ce wa gwanin magani ya saya sai ya ce yana da tsada, yana faɗa yana loda katin da zai kalli rawa a TikTok.

A nan zan ajiye raha gefe. Mutanen da suke bakin Dajin Rugu sun ga abin da ya fi ƙarfin tanadi. Akwai wanda ya cika rumbu 'yan bindiga suka cinna masa wuta, akwai wanda aka kore masa shanun huɗa, akwai wanda gonarsa ta gagare shi zuwa, akwai wanda ya sayar da amfanin shekara don ya fanso ɗansa. Waɗannan ba su cikin wannan zance, haƙƙinsu yana wuyan hukuma, yana kuma wuyan duk wanda Allah ya bar wa nasa. Da masu hali suna fitar da zakkar hatsi yadda aka ce, ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, su kai ta inda ta dace tun a bakin masussuka, da an rage masu yawo da ƙwarya a watan Agusta. Kuma halin da ake ciki ya ƙara wajabta dabara: kada a tara kome wuri guda, wani a gida, wani wajen ɗan'uwa amintacce a cikin gari.

Sauranmu da muka noma lafiya muka girbe lafiya, lissafin ba ya bukatar kwamfuta. Gidan da yake cin tiya ɗaya a yini yana bukatar tiya 365 a shekara. Buhu yana ɗaukar tiya 40, wato buhu tara da 'yan kai, a ce goma saboda baƙo da mai jego. A fitar da zakka, a ware iri, a ware goman nan a manta da su, a bar wa uwargida akuyarta. Abin da ya saura shi ne na babur da anko da amarya, in ya isa. In bai isa ba, mutane su ce. Za su yi kwana biyu suna cewa su gaji, kuma a cikinsu babu wanda zai aiko maka da tiya ɗaya ranar da tukunyarka ta kwana a kife. Ba a fafe gora ranar tafiya, jama'a. Bana kowa ya auna na gidansa kafin ya auna wa ɗan sari.