Riga ai riga ce, in ji Alhaji mai Gezna

Na san halinku. Da zarar an ce akwai shaguna a titin Jermyn na Landan inda shat guda ɗaya take haura fam 200, sai salati ya kaure. Wannan ya ce almubazzaranci, wancan ya ce halan da zaren zinare aka ɗinka ta, wani kuma ya jawo hujjar da ya fi ƙauna: ga irinta can a gwanjo an zube a tabarma, har da gyara. To, Alhaji, gyara zama. Ba ni da shago, ba kuma talla aka aiko ni ba. Mu dai farke rigar tare, mu ga ramin da kuɗin ya faɗa.

Daga gona za mu fara, tunda ka ce auduga auduga ce. Masu kaɗi ba farinta suke fara dubawa ba, tsawon silinta suke awo. Audugar da ta cika duniya, silinta yawanci milimita 25 zuwa 30 ne. Wadda ake rububi kuwa, irin su Giza 45 ta arewacin Masar, inda kogin Nilu yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku, da Sea Island ta Barbados da Jamaika, da Supima ta Amurka, tana kai 35 ko ta zarce. Na ji ka: 'yan milimitan nan ne abin tada jijiyar wuya? Ka tambayi Hajiya yadda gajeren gashi yake yi wa makitsiya, kwana biyu ya fara leƙowa ta ko'ina. Gajeren sili haka yake yi wa zare, yana barin gashi-gashi a jiki, bayan 'yan wanke-wanke rigar ta yi ƙuraje. Dogon sili yana murɗuwa sumul, a ja shi siriri bai tsinke ba.

Sirantar nan ita ce lambar da ake rubutawa, 100/2 ko 140/2 ko 200/2, wadda wasu masu shago ke karanta maka da ƙarfi ba tare da sun san ma'anarta ba. Tsohon lissafin masaƙun Ingila ne: ƙullin zare mai tsawon yadi 840, guda nawa za a samu daga laba ɗaya ta auduga? In lambar 200 ce, laba ɗaya ta ba da yadi 168,000 ke nan, sama da kilomita 150. Bazazzagi ya riƙe baki ɗaya a Zariya, Bakano ya riƙe ɗayan a Kano, kodayake Bakanon sai an fara gaya masa nawa ne ladan riƙon. Ita kuma biyun da ke ƙarshe, zare biyu ne aka murɗe suka zama ɗaya, don ƙarfi da santsi.

Ina ake saƙawa? Ka ga sunan Bature a jikin yadi, Thomas Mason, wanda ya fara a Ingila a 1796, ko David & John Anderson na Glasgow tun 1822, ka ɗauka daga Birtaniya ya fito. Kamfanin Albini, da aka kafa a 1876 a garin Albino kusa da Bergamo, ya saye sunayen biyu a 1992. Auduga daga Masar, saƙa a Italiya, suna na Birtaniya, ɗinki a wani wuri dabam. Wasu teloli kuma yadin kamfanin Alumo suke bi, can Appenzell ta Suwizalan.

Yanzu matso kusa, maganar ta zo gida. Wa nake gani a Kantin Kwari ana saura mako uku Sallah, yana murza bakin shadda da yatsa biyu, ya shinshina, ya ɗaga ta sama ya duba ƙyalli, ya nemi tambari, sannan ya ce wa yaron shago, "Kai, ɗauko mini ta gaske"? A nan ba ka ce yadi yadi ne ba. Gezna ɗin da kake rantsuwa da ita daga Bludenz take zuwa, a Ostiriya, daga kamfanin da ya faro tun 1818, wanda ya daɗe yana saƙa yadin shat shi ma. Yadi goma ka yanka, aka zuba aiki a wuya, ka biya ba ka yi salati ba. Laifi tudu ne, Alhaji, ka taka naka ka hango na mai laktaye.

Sai ɗinki. Juya rigar ciki waje, a nan asiri yake. Ɗora inci ɗaya a kan layin ɗinkin ka ƙirga sukar allura: ta ƙwarai za ka samu 18 zuwa 20, har fiye, ta kasuwa da ƙyar ta wuce 12. Gefen riga ana bin sa da allura ɗaya, a je a dawo, ya kwanta siriri. Keken masana'anta mai allura biyu yana gamawa a tafiya ɗaya, amma bayan wanki gefen yakan tattare. A ƙasa, inda gaba da baya suka haɗu, akwai ɗan ƙyalle mai kusurwa uku da ke tsare wurin. In rigar mai ratsi ce, bi layi ɗaya daga kafaɗa ka ga ko ya sauka hannu ba tare da ya goce ba. Haɗa ratsi yana cin yadi, shi ya sa mai neman sauƙi ba ya wahalar da kansa.

Taɓa kwala. Ta araha an manne ta da gam, in gam ya gaji da guga sai ta yi bororo, kuma ba ta da magani. Shagunan Landan da yawa ba sa mannewa, ɗinke ƙyallen cikin suke yi. Maɓalli kuma, ɗora shi a kumatu: in ka ji sanyi, daga ɓawon dabbar tekun nan da ke yin lu'ulu'u aka yanko shi, roba ba ta da wannan sanyin. A Napoli, gidaje irin su Finamore da Borrelli da hannu suke haɗa hammata da kwala da ramin maɓalli, su ɗaura maɓallin da zare mai yatsu uku.

Na ga ka fara murmushi, kana jiran rabonka. Ga shi. Ramin maɓallin hannu bai fi na keke ƙarfi ba, kyau ne kawai da taƙama. Yadi mai lamba 200 bai kai mai 100 ko 120 tsufa lafiya ba: yana yamutsewa kafin ka isa ofis, kuma in ya haɗu da mai wanki da guga mai zafin hannu, sai ta'aziyya. Charvet, da ke Faris tun 1838, yana zaune a dandalin Vendôme, kuma kuɗin hayar irin wannan unguwa a wuyan rigarka zai fito. Turnbull & Asser, na 1885, shi ya ɗinka wa Sean Connery rigunan fim ɗin James Bond na farko a 1962, kai kuma har yau kana taya biyan wannan tarihi. Ko lakabin ma ba a rufe ido a kansa: a 2016 kantin Target na Amurka ya raba gari da Welspun na Indiya saboda zannuwan gado da aka ce audugar Masar ce alhali ba ita ba ce. Shakkarka tana da amfani. Wurin da kake ajiye ta ne ba daidai ba.

Ka ce telanka na bakin layi zai iya duk wannan? Ba na musu. Allura ɗaya, ƙananan suka, haɗa ratsi, babu wanda ya fi ƙarfin hannun da ke fitar da aska takwas a babbar riga. Lokaci kawai aikin yake ci, kuma lokaci kuɗi ake biyansa. Kai kuwa sai jajibere kake kai ɗinki, ka taya rabin farashi, ka bar sauran "sai an kwana biyu", sannan ka tsaya masa a ka kana duba agogo. Araha ba ta ado. In ka isa, kai masa wannan shafin ka ce irin na Landan kake so. Shi ma yana da takardarka a aljihu, kuma ta fi tawa tsawo.