Alhaji Dakta Lens, IS, USM

Idan kana zaton mutanenmu ne kaɗai ke da ciwon jera muƙamai a jikin suna, to ba ka taɓa karanta rubutun da ke jikin lens ɗin kyamara ba. Ga guda: Canon EF 70-200mm f/2.8L IS III USM. Ko katin ɗaurin auren 'yar sanata bai kai shi kirari ba.

Rabin kirarin nan kuwa abu ɗaya ne, kowane kamfani ya raɗa masa nasa sunan. Na'urar da ke hana hoto yin dishi-dishi idan hannun mai ɗauka yana rawa, Canon ta kira ta IS tun 1995, da ta sa ta a lens ɗinta na 75-300mm. Nikon ta ce ina, nata VR ne. Sigma ta ce OS, Tamron ta ce VC, Sony kuwa ta ƙara S guda ta ce OSS, kada a raina ta. Ɗan injin da ke saita hoto ya fito tar shi ma haka: USM a gidan Canon, HSM a Sigma, USD a Tamron. Ba dala ake nufi ba, ko da yake farashinsa dalar yake bi.

Je ka zauna inda masu hoton biki ke jiran amarya ta gama kwalliya, ka sha kallo. "Kai, naka VR ne kawai? Nawa fa IS ne, ga jan zobe!" Ɗayan ya juyo nasa ya nuna zoben zinaren Nikon, a yi ta musu har a kira la'asar. Tambaye su me f/2.8 ke nufi, sai kowa ya tuna yana da kira a waya. Alhali nan kuɗin ya tafi: in lambar ta ƙanƙanta, haske ya fi shiga, shi ya sa yake aiki a zauren dina mai duhu inda ɗan 18-55mm da ake sayarwa tare da kyamara yake sarewa.

Mu 'yan biki ma da namu laifin. Uwar amarya ta ga yaro da guntun lens, sai ta yamutsa fuska: "Anya wannan ya iya kuwa?" Dole gobe ya aro farin 70-200mm ɗin nan mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, wanda ya dace da zuƙo mahaya daga nesa ranar Hawan Daushe, ya shigo da shi ɗakin amarya. Ya yi ta ja da baya don ta shiga hoton, ya taka kular shinkafa, ya ture faranti, har ya tsinci kansa a tsakar gida.

Hoto ya fito garau, har gashin ido ana ƙirgawa. Amarya ta leƙa, ta ɓata rai: "Malam, duk ƙurajena sun fito. Ka goge su, ka ƙara haska ni, sannan ka turo ta WhatsApp."